Hutun da Na Daina Cin Tuwo

Jiya maƙwabciyata a nan Birnin Kudu ta ɗora zogale, ƙamshin ya tsallako katanga, sai ga ni a tsakar gidan kakata a Dingaya, cikin daminar da yunwa ta kusa kai ni lahira.

Ina ajin farko a sakandaren kwana a lokacin. Ni mai jiki ce tun ina ƙarama, 'yan ɗakinmu kuwa suka laƙaba mini suna Randa. Wata babba a cikinsu ta ce in bar tuwo, in riƙa shan ruwan zafi da lemon tsami. Na bari. Da na zo hutu, duk abin da aka zuba mini sai in faki ido in juye wa awaki.

Wata safiya ina jan guga a rijiya, idona ya yi duhu. Ba don matar kawuna ta cafko zanina ba, da ciki na faɗa.

Inna, haka muke kiran kakarmu, ba ta yi faɗa ba. Ta dama fura da nonon shanun maƙwabta, ta zauna tana kallona har na shanye. Sannan ta ce ta daɗe da lura awakinta na ƙiba, jikarta na ramewa. Na fashe da kuka, na gaya mata komai.

"Jikin nan na gidanmu ne," ta ce. "Da shi na haifi ubanki, da shi nake noma. In sauƙinsa kike so, gobe ki biyo ni."

Na bi ta. Kullum da sassafe muna ratsa raɓa zuwa gonarta a bayan duwatsu, mu tsinko rama da tafasa, mu dawo mu yi surfe. Da rana kwaɗo da ƙuli-ƙuli, da yamma tuwon dawa. Kwano ɗaya ta haɗa mu, kuma ba ta kai loma sai na kai tawa. Ka ga tsohuwa ta zauna da yunwa saboda kai, dole ka ci. Ban zama siririya ba, amma jiri ya tafi, barci ya dawo, na koma makaranta ina iya dariya.

Yau inji ke mana niƙa, babur ke kai mu ko'ina, a waya kuma ana tallan shayin rage ƙiba kamar ruwan sama. Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Kwanakin baya na lura 'yata tana ture faranti tana cewa ta ƙoshi. Na san abin yi. Yanzu bayan Asuba muna takawa tare ta hanyar Kiyako, tana ba ni labarin abin da ƙawayenta ke ce mata. Shekaranjiya muna cin dambu ta ɗago kai ta ce, "Umma, akwai saura a tukunya?"