Inna da Guzan Teku

Haihuwata ce ta kawo Inna Birmingham. A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku, ina zaune a wani ɗan flat a Small Heath, saman shagon wani mai sayar da nama. Maigidana yana Manchester, shi ma karatu yake yi a fannin tattalin arziki, yana haya a Moss Side a gidan wata Hajiya 'yar Ghana. Sai ranar Juma'a da yamma yake hawo bas ya zo, Lahadi ya koma.

Kwana arba'in na farko Inna ba ta da lokacin kewa. Ga ruwan wanka, ga kunun kanwa, ga jaririya. Da na koma jami'a ne zaman ya fara yi mata nauyi. Mace ce da ta shekara talatin tana sayar da atamfa a cikin gida a Zariya, ba a wuni ba a yi sallama goma a ƙofarta ba. Nan kuwa sai ƙarar bas da ruwan sama. Ba ta jin Turanci, talabijin kuma ta ce mutanen ciki surutu kawai suke yi, ba sa komai. Nakan dawo in tarar da ita a bakin taga, carbi a hannu, tana kallon rufin gidajen maƙwabta.

Wata Laraba na dawo da wuri, tun daga matakala na ji wani irin ruri yana fitowa daga falonmu. Na shiga da sauri. Inna na zaune a bakin kujera, jaririya na barci a bayanta, a talabijin kuma wani dodo ne ya fito daga teku, tsawonsa ya wuce gidajen sama, yana taka motoci yana wucewa. Ba ta ko amsa sallamata sosai ba, hannu kawai ta ɗaga mini alamar in zauna.

Da aka gama sai ta ba ni labarin duka. Ta ce guza ne, yana barcinsa a ƙarƙashin ruwa bai taɓa kowa ba, wasu masu farin riga suka je suka tono shi, wani mai kuɗi ya sa su. Matar nan mai gajeren gashi ta yi ta gargaɗi, ba wanda ya saurare ta. Na taɓa ganin fim ɗin, kuma abin da ta faɗa kusan shi ne, sai dai ta aurar da mutum biyu waɗanda a gaskiya wa da ƙanwa ne. Ban gyara mata ba.

Tashar ta yi mako guda tana sa finafinan dodon ɗaya bayan ɗaya, na farko, na biyu, na uku. Inna ta daina kiransa guza, ta koma cewa mutumina. Da suka ƙare na shiga wani shagon kayan gwanjo a Stratford Road na samo mata faya-fayai huɗu, na koya mata maɓallin da za ta danna.

Tsakaninta da maigidana akwai kunyar surukuta irin ta da. In ya zo yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon bango, sannan ta ɗauki jaririya ta shige ɗaki. Duk abin da take so ya sani, ni take gaya wa, ko da yana tsaye a wurin. Flat ɗin kuma ɗaki ɗaya ne da falo, don haka ƙarshen mako duk a takure muke.

Wata Asabar ya dawo daga masallaci ya same ta a tsakiyar fim na uku. Ta kasa tashi, don daidai lokacin wani dodon mai kama da ƙaguwa ya danne mutuminta a kan gada. Shi kuma ya zauna can gefe a ƙasa. Bayan an gama ta juyo gare ni, ta ce in tambayi Malam, tunda shi ya yi karatun kasuwa, me ya sa ake ta maimaita abin nan. A na farko an kashe shi, a na biyu ya tashi, a na uku ma an ce ya mutu, ga shi kuma akwai na huɗu.

Maigidana ya gyara zama, yana kallona amma da ita yake. Ya ce yin irin fim ɗin nan na cin kuɗi mai yawa, saboda haka kamfanonin suna tsoron sabon abin da ba wanda ya sani. Dodon da mutane suka riga suka sani ba ya bukatar doguwar talla, hotonsa kawai za a nuna. Kuma ana iya sayar da shi a kowace ƙasa, tunda ruri da rushewar gini ba sai an fassara wa kowa ba. Ya ƙara da batun kayan wasan yara da riguna masu hotonsa. Yana ta cusa Turanci yana komawa yana gyarawa.

Inna ta juya ta dube shi, karo na farko tun zuwanta.

"To ai atamfa ce, Malam. Zanen da mata suka riga suka so, kamfani ba ya barinsa. Bana ya zo da shuɗi, baɗi ya dawo da ruwan goro. Wadda ta saya bara ita ce farkon zuwa. Sabon zane kuwa sai ya wata uku a akwatina ba a taya ba."

Ya ce wallahi in ta yarda zai sa wannan a takardarsa. Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Daga ranar ta daina shigewa ɗaki in ya zo. Har musu suka riƙa yi, shi yana cewa na biyu ya fi, ita tana cewa na biyu an cika zama a ofis ana magana.

Ana saura wata guda ta koma gida sabon fim ɗin dodon ya fito. Maigidana ya kawo shawarar mu zo Manchester mu kai ta sinima. Inna ta ce a'a, kai tsaye. A tasowarta ba a ganin matar kirki a ƙofar sinima, kuma ba da furfura za ta fara ba. Duk da haka mun tafi, don Hajiyar da yake haya a gidanta ta daɗe tana son ganin jaririya.

Hajiyar nan doguwa ce mai fara'a, ta fi shekara ashirin a Moss Side, tana aikin girki a wata makarantar firamare. Hausarta ta Kumasi ce, namiji da mace duk "ya" take ce musu, abin da ya sa Inna murmushi tun daga gaisuwa. Ta cika mu da shinkafa da wake da yajin ƙasarsu. Da ta ji zancen sinima sai ta ce ita kam tana kai jikokinta duk hutu, kujera ce kawai da duhu, ba wanda ke kallon wani. Ta ce za su tafi tare, matar ɗanta ta riƙe jaririya. Inna ta yi ta kawo dalilai, Hajiya na warware su ɗaya-ɗaya, har ta ɗauko mata safa mai kauri saboda sanyin ciki.

Muka yi sallar azahar muka fita, mu huɗu. A ƙofa aka ba mu baƙin tabarau, Inna ta ɗora nata a kan tabaranta na ƙara gani. Minti ashirin na farko ba dodo, sai mutane a ɗakin taro, ta fara tsaki a hankali. Da ruwan teku ya soma kumbura ta kama hannuna. Kansa na fitowa, kamar zai shigo cikin zauren, ta ja baya da salati, sannan ta ce a fili, "Ya yi ƙiba." Hajiya ta kusa faɗowa daga kujera don dariya.

Daga nan ba ta yi shiru ba. Tana gaya masa ya duba bayansa, tana faɗa wa sojoji su bar ɓata harsashi, Hajiya na taya ta. Ni kuwa kunya ta ishe ni, don wani Bature dattijo da ke gabanmu ya waiwayo har sau uku. Da aka kunna fitilu ya miƙe ya nufo mu, na shirya ba da haƙuri. Ashe tambaya ce da shi, yana son sanin abin da take faɗa lokacin da dodon ya faɗi. Na tambaye ta, ta ce cewa ta yi su jira, ba mutuwa ya yi ba, hutawa yake. Na fassara masa. Ya yi dariya ya ce shi tun yana yaro yake kallon dodon nan da mahaifinsa, kuma bai taɓa yarda ya mutu ba ko sau ɗaya. Inna ta ce in gaya masa Allah ya ƙara lafiya.

Washegari da rana muka hau bas ɗin Birmingham, jaririya na cinyarta. Mun wuce Stoke ta taɓa ni ta ce akwai abin da ke damunta game da finafinan nan. Kowane lokaci ana rushe gari ƙurmus, in an dawo a na gaba sai a ga komai tsaf, har da fitilun titi. Wa ke sharewa? Wa ke kwashe ɓaraguzan, ina mutanen ke kwana kafin a gyara? Na ce mata ba a nunawa, ƙila council ne, wato hukumar gari. Ta ce to in Malam ya san masu yin abin, ya gaya musu su yi guda ɗaya a kan masu sharar, ita za ta kalla.

Na rubuta masa saƙon a waya kamar yadda ta faɗa. Ya amsa cewa a gaida Inna, bai san kowa a cikinsu ba, amma zai bincika.