Ɓari ne, Malama

Da safiyar nan labarin ya same ni ina hanyar makaranta. Inna Ramatu ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na mayar da wayar jaka, na shiga aji na koyar da darasin farko kamar kullum. Sai yanzu da aka fita hutu na zauna rubuta wannan.

Da yawa a unguwarmu ta Mansur, nan Makka, sun ɗauka Inna mai sassauci ce a kan zubar da ciki, saboda irin matan da ake gani suna shiga gidanta. Ba haka ba ne. Nas ce, ta yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin ta yi ritaya, kuma ban taɓa jin ta ba wa wata maganin zubarwa ba, ko ta nuna mata inda ake samu.

Sanina da ita ya fara ne daga wani kuskure nawa.

A nan Makka aka haife ni. Karatuna duk da Larabci na yi shi, Hausata a lokacin kuwa ta kicin ce kawai. Na fara tara 'yan mata da sababbin amare duk Alhamis muna karatu, ina ji da kaina. Cikinsu akwai Hauwa'u.

Wata rana uwar mijinta ta kawo mini takardar asibiti.

"Malama, karanta mini. Me suka ce ya same ta?"

An rubuta "ijhad". A Larabcin asibiti wannan kalma ɗaya ce, ko cikin da kansa ya fita, ko fitar da shi aka yi. Likitan ya bayyana a takardar cewa da kansa ya fita, kuma na gane sarai. Amma da Hausa magana ɗaya tak na sani.

Na ce, "Hajja, ta zubar da ciki ne. Allah ya ba da haƙuri."

Ta ninke takardar ta fita ba sallama. Na ɗauka baƙin ciki ne.

Kafin kwana uku Hauwa'u tana gidan iyayenta a unguwar Aziziyya. Mijin ya ce ta zauna sai ya neme ta.

Alhamis ta zagayo, ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, ban san ta ba. Ashe Inna Ramatu ce. A gaban ɗalibaina ta ce, "Ke ce Malamar? In ciki ya fita da kansa, me ake cewa da Hausa?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ɓari. Maimaita."

Na ce, "Bari."

"Ban ce ki bar komai ba, 'yar nan. Ɓari. Haɗa leɓenki."

Yaran suka ƙunshe dariya. Sai da na faɗa daidai ta ce in ɗauko abayata. Ita ta tsayar da tasi, ta kai ni gaban uwar mijin, ta sa na sake karanta takardar layi-layi. Daga nan muka je shagon mijin na maimaita. Bayan mako guda Hauwa'u ta koma ɗakinta.

Auren ya tsira. Sunan kuwa bai gama wankuwa ba. Har yau akwai matan da ke rage murya in ta shigo gidan suna. Karatun Alhamis kuma ba ta sake zuwa ba.

Tun daga ranar Inna ta riƙe ni. "Malamar Larabci" take kirana. Duk zuwan da na yi sai na fito da kalmar Hausa sabuwa da kwanon kunu. Lokacin da na haihu ita ta yi mini wankan jego, ta ƙi karɓar ko turmin zane.

Ra'ayinmu ɗaya a kan ran da ke cikin ciki. Inda muke rabuwa shi ne abin da za a yi da uwar.

Na taɓa nuna mata bidiyon masu zanga-zanga a wata ƙasa, suna neman a tsananta doka a kan zubar da ciki. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Sun iya ɗaga allo. In an haifi ɗan, wa zai riƙe wa uwar shi ta je aiki?"

Akwai lokacin da wasu a guruf ɗinmu na matan unguwa suka ce duk wadda aka ji ta zubar da ciki, a kai ƙararta. Inna ta ƙi. Ta ce matar da ikamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare dama tsoron asibiti take yi. In muka ƙara mata tsoronmu, a ɗaki za ta kwanta tana zubar da jini, mu binne biyu. Aka ce mata to ta goyi bayan ɓarna ke nan. Ta ce, "Ni dai na wanke gawar irinsu. Ku fa?"

Wadda ta zo mata neman magani, takan ce mata a'a kai tsaye, sannan ta zuba mata abinci ta tambayi abin da ya kawo ta. Wasu sun fasa. Wasu ba su fasa ba, kuma ba ta taɓa faɗin sunan ko ɗaya ba. Idan likitoci suka ce ran uwa na cikin haɗari, ita ke zama da mijin, ta ce ya ji malamai ya ji likita, ya bar jin matan layi.

Mako biyu da suka wuce na je duba ta. Ƙafafunta sun kumbura, tana jingine da filo. Na ce mata ina shirya wa 'yan mata lacca a kan darajar abin da ke ciki.

Ta ce, "Madalla. Da a ce Hauwa'u da gaske ta zubar, da kin bi ni cikin tasin nan?"

Na ce ban sani ba.

"To. Kin nemi gafararta?"

"Ai na gyara maganar, Inna."

"Gaban uwar miji kika gyara, da gaban miji. Ita fa?"

Na ce zan je. Ban je ba.

Za a yi mata salla a Harami bayan la'asar. Daga can Aziziyya zan wuce, an ce Hauwa'u na wajen mahaifiyarta kwanakin nan. Ban san ko za ta saurare ni ba.

Ɗalibaina na da da na yanzu, kowacce ta duba ko akwai wadda bakinta ya taɓa, ko da ba da niyya ba. Ki gwada zuwa wajenta ita kanta.

Allah ya jiƙan Inna Ramatu, ya yalwata mata kabarinta, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa mata. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ya sa da Hauwa'u.