Mai Tuta da Tashar da Jirgi Ya Daina Zuwa

Har ya tsufa, ba wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Tuta. Da lebura ya fara a layin dogo, yana ɗaure noti yana jan tsakuwa. Da shugaban tasha ya ga ba ya wasa da lokaci, sai ya damƙa masa tuta biyu, ja da koriya, da usur guda.

Tashar ba wata babba ba ce. Ɗakin tikiti ne mai ƙaramar taga, da rumfar kwano mai benci uku, sai tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu. Don buhunan hatsi aka gina ta, amma mutane suka fi hatsin amfana. Jirgi kan tsaya Talata da Asabar, minti goma sha biyu kacal. A cikin mintocin nan ake ciniki, ake faɗa, ake shiryawa, ake kukan rabuwa. A nan ya fara ganin matarsa, ta sauko da kayanta a ka tana tsammanin ta iso garin yayarta, alhali saura tasha biyu. Sai da ta jira kwana huɗu a gidan shugaban tasha.

"Ɓatan hanya ne ya kawo ni," takan ce wa 'ya'yansu, "har yau ban gane hanyar ba."

Da aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka kwashe buhuna, ƙananan suka kwashe fasinja. Jirgin Talata ya fara ɗaukewa. Wata damina kuma ruwa ya cinye gadar da ke gaba da su, aka ce a ba masu gyara mako biyu. Bayan wata shida aka yi wa shugaban tasha canjin wurin aiki. Ya miƙa wa Mai Tuta makullai.

"Riƙe mana, kafin mu dawo."

Ya riƙe shekara goma sha tara. Kowace Asabar yakan share dandamali, ya shafa wa ƙarfen juya layi man giris, ya kori awaki daga ɗakin tikiti. Iska ta yaye rabin kwanon rumfar. Mata suka mai da layin wurin shanya. In babbar mota ta yi hon daga nesa, cokali kan tsaya masa a hannu, matarsa ta yi kamar ba ta gani ba.

Wata safiya maƙwabcinsa tela ya leƙo yana haki.

"Mutanenka sun zo! Mota biyu, har da injiniya!"

Mai Tuta ya zaro kakinsa daga ƙasan akwati. Wandon ya yi masa yawa, sai da ya ɗaure da igiya.

"Malam, ka tsaya ka ji abin da ya kawo su mana," in ji matarsa. Ina, ya riga ya kai ƙofa.

Injiniyan mutum ne mai ladabi. Ya gaishe shi hannu biyu, ya nuna masa takarda: an yi sabon layi can gabas, na nan kuwa za a cire shi a kai wani wuri.

"Ku yi haƙuri, Baba."

Mai Tuta ya zauna a kan benci. Ma'aikata suka hau noti da guduma, suna bugu ba kan gado. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kai! Ba haka ake yi ba, za ku lalata shi. Ku zuba mai tukuna. Miƙo sifanan nan."

Kwana tara yana tare da su. Notin da ya ɗaure yana saurayi, shi ya kwance su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, bai bari an karya ko guda ba. Da aka ɗora ƙarfe na ƙarshe a mota, ya tambayi injiniya ko inda za a kai su jirgi zai hau kansu.

"Zai hau, Baba. Kullum ma."

"To, madalla. Ƙarfe ne mai kyau."

Bana maƙwabta sun shuka wake a inda layin yake. Da yamma yakan bi tsakiyar gonar a hankali, hannu a baya, har ya kai kwanar da hayaƙin jirgi kan fara ɓullowa a da. Ya ɗan tsaya a nan yana kallon gabas, sannan ya juyo gida.