Goron da Muka Kai wa Manajan Besbol

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar watan Yuli, shekarar da na gama aji huɗu, Baba ya fito da babbar rigarsa ta shadda mai ruwan toka, wadda ba ya sa wa sai da Sallah ko ɗaurin aure, ya ce in sa kaftanina in biyo shi. Ana irin zafin nan na Maryland da mutum zai fito daga wanka ya ji kamar bai yi ba. Muka biya Landover muka ɗauki Alhaji Isaka, mutumin Kumasi mai kantin kayan abincin gida, wanda duk rigimar da ta tashi tsakanin mutanenmu a yankin sai an kira shi. Ya shigo mota da carbinsa da ƙullin goro a farin ƙyalle, ya miƙo mini goron a kujerar baya ya ce in riƙe da hannu biyu. Filin wasan besbol za mu je mu ba manaja haƙuri, domin an kori baƙonmu, Kawu Walta, daga ƙungiya. Ni a raina magana ta ƙare, don ban taɓa ganin inda Baba da Alhaji Isaka suka je ban-haƙuri suka dawo hannu rabbana ba.

Ina ɗan shekara bakwai muka zo daga Kano. Mun yi zaman haya a wani bene a Hyattsville, kafin Allah ya hore wa Baba ɗan gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da fili a baya. Baba yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, Mama kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ba nisa da mu akwai wata ƙaramar ƙungiyar besbol, irin wadda manyan ƙungiyoyi ke ajiye 'yan wasa suna renonsu, wanda ya yi kyau a kira shi sama zuwa babbar ƙungiya. Albashinsu bai taka kara ya karya ba, saboda haka akan nemi magidanta su sauke su a gida har kakar wasa ta ƙare. Wata abokiyar aikin Mama ce ta kawo maganar. Baba bai san komai a kan besbol ba, a wurinsa wasa ne na ƙatti da ke tsaye a rana suna jiran abin da ba ya zuwa. Amma da ya ji an ce baƙo ne ba shi da masauki, sai ya ce ai ga ɗaki nan a rufe. Sharaɗinsa kawai ba giya, ba naman alade, ba takalmi a kan kafet.

Haka Walta ya zo mana, wani baƙin Ba'amurke daga can kudu, mai faɗin ƙirji da sanyin murya. Shekararsa talatin da huɗu, wanda a wannan sana'a sunansa tsoho. Aikinsa shi ne ya tsuguna bayan mai bugun ƙwallo da sanda, sanye da ƙarfe a fuska, yana tare ƙwallon da mai jifa ya wurgo, kuma shi ke nuna masa da yatsu irin jifar da zai yi. Tun yana saurayi yake wannan tsugunno, daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan, ba a taɓa kiransa sama ba. Yatsunsa na dama duk sun karkace, in ya miƙe daga kujera gwiwoyinsa na ƙara kamar ana karya itace. In ya dawo daga wasa sai ya buɗe firji ya ɗauki duk abin da ya daskare ya ɗora a kansu, har wata rana Mama ta nemi kuɓewarta ta miya ta same ta a gwiwarsa ta narke. Ta yi faɗa, ta yi dariya, washegari ta sayo masa man zafi. Bai yi wata guda ba ya iya "Ina kwana, Baba" da ɗan rusunawa, ya iya loma da hannu, yana shan miyar kuka yana gumi yana neman ƙari. Mama ce ta ce ba za mu kira babban mutum da sunansa gatsau ba, shi ya sa ya zama Kawu.

Ni dai na samu aljannar duniya. Aikina a gida shi ne fitar da shara da yanke ciyawar bayan gida, kuma da can sai an yi da gaske nake yi, amma tun da Kawu Walta ya ce ba ya wasa a filin da ba a gyara ba, kafin kowa ya tashi na tura injin. Sai ya zauna a kan bokitin fenti da ya kifa, ni in tsuguna jikin katanga da tsohuwar safar hannunsa ta fata wadda ta haɗiye hannuna har gwiwa, yana jefo mini ƙwallo. Ƙanwata Ummi ce mai tsinto wadda ta faɗa gidan maƙwabta. In na rufe ido don tsoro sai ya ce, "Ƙwallon da ka gani ba ta ji maka ciwo kamar wadda ka ɓuya mata." A filin wasa kuwa na sha ganin yadda wani yaro mai jifa zai rikice, Kawu ya tashi ya taka a hankali ya dafa kafaɗarsa ya faɗa masa wata magana, yaron ya dawo hayyacinsa. Da yawa daga cikin yaran nan an kira su sama, shi yana nan a tsugune.

Ranar Talata ya dawo da rana tsaka, da jakar kayan wasansa a kafaɗa, ya ce wa Baba an sallame shi, za a kawo wani yaro ɗan shekara goma sha tara ya maye gurbinsa. Baba ya tambaye shi laifin da ya yi, ya ce babu. Baba ya kaɗa kai, don a saninsa ba a korar mutum ba laifi, sai dai in yana jin kunyar faɗa. Ko ya yi wa manaja tsaurin ido ne, ko ya makara. Kowanne ne, abu ne da manya za su je su gyara. Kawu Walta ya yi ta cewa kada ya wahalar da kansa, Baba ya ɗauka kawaici ne, ya ɗaga waya ya kira Alhaji Isaka.

Manajan ya karɓe mu a wani ɗan ofis mai warin gumi da tsohon kofi, ƙafarsa ɗaya a kan tebur, yana tauna 'ya'yan wata fulawa yana tofar da ɓawon a kofin takarda. Bai miƙe ba. Wannan ne abu na farko da ya ɓata mini rai, don a gidanmu ko ruwa za ka sha in babba ya shigo sai ka ajiye kofin. Na ajiye goron a gabansa da hannu biyu kamar yadda aka ce. Baba ya gyara riga ya fara da Turancinsa na tsanaki, ya ce mun zo ne a madadin ɗanmu Walta, duk abin da ya yi a yafe masa, mu ne za mu tsaya masa. Mutumin ya dube mu kamar mun faɗo daga sama, sannan ya yi dariya, ba ta mugunta ba, wadda ta fi ta mugunta ciwo. Ya ce Walta bai yi komai ba, bai taɓa aiki da mutumin kirki kamarsa ba, rabin masu jifarsa ma shi ya gyara su. Baba ya ce, "To me ya sa?" Ya ce, "Mun riga mun san iyakar abin da Walta zai zama. Shi yaron ba mu sani ba tukuna. Guraben ƙungiya kuma a ƙirge suke."

Baba ya juya maganar a ransa. Wato sanin mutum da aka yi, da gwada shi da aka yi shekara da shekaru aka same shi mai amana, shi ne ya zama laifinsa. Muna shirin tashi sai fuskar manajan ta washe, ya ce tun da Allah ya kawo mu, ai ɗakin Walta ya zama ba kowa ke nan, ko za mu ɗauki yaron daga gobe? Alhaji Isaka ya miƙa hannu ya ɗauke ƙullin goronsa daga kan tebur, ya cusa a aljihu, ya ce da Hausarsa ta Zangon Kumasi, "Tashi mu tafi, Malam. Wannan ko goro bai cancanta ba." A hanyar fita muka wuce ta ɗakin da 'yan wasa ke canja kaya, na hango wurin ajiyar Kawu. An riga an ɓare sunansa an manna wani. Wallahi sai da na tofar da yawu a bakin mota.

Da muka koma gida Mama ta rantse ba wani yaro da zai taka mata ɗaki. Kawu Walta yana ninke kaya, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce shi ma yana ɗan shekara ashirin haka aka cire wani dattijo aka sa shi, kuma don murna ko sunan mutumin bai tambaya ba. Ya ce yaron ba shi da laifi, daga wani tsibiri mai nisa yake, ba ya jin Turanci sosai, in bai samu gida kamar wannan ba zai lalace. Shi da aka kora, shi ke roƙa wa wanda ya maye gurbinsa masauki. Maimakon wannan ya sanyaya mini rai sai ya ƙara mini ƙyamar abin, don na gane ba wani mugun manaja ɗaya ba ne, haka sana'ar take cin mutane, kowa ya sani, kowa ya yarda. Washegari ba wanda ya zo daga ƙungiya. Mu ne muka yi masa rakiya har tashar bas ta cikin Washington, Baba ya ɗauki jakarsa da kansa, Mama ta ɗaure masa dambun nama da kwalbar man zafi. Ya bar mini safar hannun. Muka tsaya har bas ɗin ta sha kwana, don Baba ya ce ba a juya wa baƙo baya yana iya hango ka.

Albarkacin roƙon Kawu, yaron ya zo, sunansa Nando, siriri mai tsoron kowa. Na yi niyyar ba zan kula shi ba, Mama ma ta sha kunu kwana biyu, a na uku ta ga yana cin burodi tsura a tsaye a kicin, ta ce, "Ɗan mutane ne," ta zuba masa tuwo. Ya zauna da mu kakar nan da ta gaba, ya zama ɗan gida, yana kiran Mama da Mama, yana taya ni yanke ciyawa. A kaka ta biyu kafaɗarsa ta samu matsala, aka yi masa aiki, jifarsa ba ta dawo kamar da ba. Wata rana shi ma ya shigo da rana tsaka da jaka a kafaɗa, bai ma cika ashirin da ɗaya ba. An samu wani wanda ba a san iyakarsa ba tukuna. A wannan karon Baba bai taɓa babbar rigarsa ba, bai kira Alhaji Isaka ba. Makullin mota kawai ya ɗauka, ya ce mu fito mu raka shi. Daga ranar ya rufe ɗakin, bai sake karɓar kowa ba.

Yanzu ni ma na haura shekarun Kawu Walta na wancan lokacin, gwiwata ta fara magana in na hau matakalar jirgin ƙasa. Duk lokacin da aka zo zaɓen 'yan wasa, ina hanyar aiki sai in ji mutane suna bugo waya gidan rediyo suna gardama da nishaɗi, wane ya tsufa a rabu da shi, wane jini ne sabo a ba shi dama, kamar masu zaɓen tumatir a kasuwa. Nakan kashe rediyon. Baba ya tsufa, a gidana yake, kuma ranar Juma'a in muka shiga masallaci har yanzu samari na darewa su ba shi sahun gaba, ba don ba su san iyakarsa ba. Safar hannun tana wurin ɗana, ta haɗiye masa hannu kamar yadda ta haɗiye nawa. Na ji an ce yanzu ƙungiyoyin ne ke kama wa 'yan wasa ɗakuna, an daina sauke su a gidajen mutane, kuma kowa na cewa ci gaba ne. Ƙila haka ne. Ni dai ban san wa ke yi musu rakiya ba.