Dakuwar Gwaggo

Ku matso kusa, amma kowa ya bar wayarsa a bakin ƙofa. Wannan ba tatsuniya ba ce, shi ya sa nake ba da ita da rana tsaka. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa, wata malamar makaranta 'yar Filato da ta yi ritaya, katangarmu ɗaya a nan Kambarawa. Da biro da takarda take yi, ina kallon hannunta, inda na ce ta tsaya kuma sai ta tsaya.

Ina da jika mace, 'yar ɗana na fari. A ɗakina ta girma, don tun tana ƙarama ubanta ya kawo mini ita daga gidansa na GRA, ya ce ta riƙa ɗebe mini kewa. Ta yi karatu har ta gama, aka ɗauke ta koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata. Cikin abin da aka ɗora mata har da wasannin kwaikwayo na Turawan zamanin da, waɗanda aka rubuta tun kakannin kakanninsu. Ta ce Turancin ciki ko Baturen yau sai ya yi gumi kafin ya gane shi. Ɗalibanta kuwa da ta buɗe littafin sai hamma.

Sai ta samo dabara. Akwai wani abu cikin waya mai kama da rediyo, sai dai shi ba ya wuce ka, duk lokacin da ka ga dama ka kunna. Fodkas take ce masa. Wasu Turawa biyu ne, mace da namiji, su zauna su ɗauki wasa guda su yi ta warware shi, su yi gardama, su yi dariya. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma kusa da ni a gindin dalbejiya, ta toshe kunnuwa, tana ji tana gyaɗa kai ita kaɗai.

Rannan na ce mata, "Ke, mijin nan naki na cikin waya, ba ya gaida mutane ne?"

Ta ce, "Tsohuwa, kishi kike? Bari in sako miki shi ki ji muryar ango."

Ta zare abin kunnen, muryoyin suka fito fili. Daga ranar muka zama mu huɗu a tabarma. Su yi magana, ta tsayar da su, ta juya mini da Hausa, in faɗi nawa. Na ji labarin sarakuna da bayi, da masu cin amana da waɗanda aka ci tasu. Wani in gane, wani in ce wannan sai su. Ita kuma ta ce in ta iya ba ni labarin har na saurara ban yi gyangyaɗi ba, to gobe ajinta ma zai saurara. Na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ban samu mai tambayata me na gani a cikin labari ba.

Sai aka zo kan wani wasa. A cikinsa akwai uwa da ɗanta zai shiga jirgin ruwa, tafiyar da ba a san dawowarta ba. Kowa na gidan ya yi kuka, ya yi dogon bankwana, ita kuwa uwar kalma kaɗan aka ba ta, kuma ba ta ko taɓa shi ba. Turawan suka yi ta juya maganar. Namijin ya ce zuciyarta dutse ce. Macen ta ce a'a, mai rubutun ne ya manta da ita. Jikata ta ce ita ma ta rasa abin da za ta gaya wa yara.

Na ce, "Ɗan fari ne?"

Ta duba littafin ta ce, "Shi kaɗai gare ta ma."

Ban san al'adar matan Turawa ba, ban kuma ce na sani ba. Amma wani abu ya motsa a ƙirjina da ya daɗe a kwance.

Ku da kuka taso yanzu sai an yi muku bayani. Mu a zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Kunya ce, kuma ba a dole muke jin ta ba, ado ce a wurinmu. Ni tun da na haifi nawa a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka bakina bai taɓa furta sunansa ba. Da yana ƙarami "yaron nan" nake cewa, da ya je Makka na samu sauƙi na koma "Alhaji". Ana yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, tsakar gida ɗaya muke amma kamar da kogi a tsakaninmu. In ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon wani wuri. Haka muka yi har furfura ta fito masa. Kuma mun fahimci juna a haka, ko in ce na ɗauka mun fahimta.

Amma tsakanin kaka da jika babu wannan labulen. Jika abokiyar wasa ce. Abin da ba ka iya gaya wa ɗanka, kana iya gaya wa ɗan ɗanka, don ka san a nan zai tsaya. Wayar tana kife a kan tabarma, Turawan sun yi shiru. Sai na buɗe baki.

Na gaya mata ranar da ubanta zai tafi makarantar kwana. Tun kwana biyu kafin nan na soya aya, na daka dakuwa a turmin maƙwabta don kada a ji a gidanmu a tambaya. Na ƙulle ta a tsumma mai tsabta, na kai wa ƙanwar maigidana, wadda yaran ke kira Gwaggo, na ce ta tura can ƙasan akwatinsa, in ya tambaya ta ce ita ce. Da safe ya zo sallama, ina tankaɗe. Ya durƙusa ya ce zai tafi. Ban ɗago ba. Na ce, "To. Ka ja ƙyauren zaure in ka fita, kada akuya ta bi ka." Abin da na ce ke nan. Da na ji ƙarar ƙyauren sai na zaga bayan ɗaki wajen randunan ruwa, na cusa bakin zanena a baki don kada a ji ni.

Na gaya mata duk hutun da ya zo ya koma haka aka yi, dakuwa a ƙasan akwati, Gwaggo ce ta sa. Na gaya mata har ya girma yana ba 'ya'yansa labari a gabana, yana cewa duk duniya ba wanda ya san yunwarsa kamar Gwaggo. Da ta tsufa shi ya riƙe ta, da ta rasu shi ya shiga kabarinta. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, ta tafi da maganar a cikinta. Na gaya mata har yau in ya zo gaishe ni zai tafi, abin da nake ce masa ke nan, ya ja ƙofa, ko da yake akuyar ta daɗe da zama ƙasa. Na ce a cikin 'ya'yan da na haifa babu wanda nake farkawa da shi a rai kamarsa.

Na ga idonta ya cika. Ta ce, "Kaka, Baba ya sani?"

Na ce, "Bai sani ba, kuma ba ki ji ba."

Ta ce to. Da kunnena na ji ta ce to.

Aka yi makonni. Sai aka yi haihuwa a dangi, muka tafi suna Ƙofar 'Yandaka. Gida ya cika da mata, ana ta rabon waina, ina zaune cikin tsofaffi 'yan'uwana. Can sai na ji tari. Tarina ne, wanda nake yi kafin in fara magana, amma ba daga maƙogwarona ya fito ba. Daga jakar wata 'yar ƙanena ya fito. Ta ciro wayar ta ɗaga sama, sai ga muryata tana cewa na soya aya, na daka a turmin maƙwabta.

Tsakar gidan ta yi tsit. Aka ji randunan ruwa, aka ji bakin zane. Aka ji har inda na ce babu wanda nake farkawa da shi a rai kamarsa. Nan wata ta rangaɗa guɗa.

"Hajiya! Ashe haka kike ji da Alhaji, kike ta yi mana fuska?"

"Yau dai asirin dakuwa ya tonu!"

"A kawo wa Hajiya turmi, mu ma muna da akwati!"

Ba da mugunta suke yi ba, har da masu share hawaye. Amma ni ji na yi kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa. Wata tsohuwa sa'ata, wadda muka yi 'yanmatanci tare, ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai don kada idonmu ya haɗu. Wannan sunkuyawar ta fi guɗar yi mini zafi, don ita ta san abin da aka ɗauke. Na nemi takalmana na fito, ban ko ga jaririyar ba.

Da jikata ta dawo daga makaranta na ce ta zauna. Ba ta yi musu ba. Ta ce tun da muka fara zaman nan take naɗar hirarmu, don kada ta manta abin da na faɗa in ta shiga aji. Ta ce ta kunna wa ɗalibanta, ajin da ke hamma ya yi shiru har wasu na kuka, suka koma littafin da kansu suna neman uwar nan. Sai abokan aikinta suka ce ai wannan bai kamata ya tsaya a aji ɗaya ba, ta buɗe nata fodkas ɗin da Hausa don ɗaliban wasu makarantu. Da ni ta buɗe shi. Daga nan wani ya tura zauren dangi na cikin waya.

Ta ce, "Wallahi Kaka ban faɗi sunanki ba."

Na ce, "Wa ke Katsina cikin danginmu da bai san tarina ba? Mi na ce miki rannan?"

"Kin ce ban ji ba."

"Ke kuma mi kika ce?"

Sai ta ce, "Amma abu mai kyau ne fa. Ba abin kunya kika yi ba. Mutane yabonki suke."

A nan na gane ba ta san abin da ta yi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Da ta san nauyinsa ta ɗauka, da na ce ɓarauniya ce na huta. Ita gani take ta fito da ni daga duhu. Na ce mata Turawanta na cikin waya, mutanen da suke tonawa na takarda ne, ba su da ɗa a GRA da zai ji. Na ce maganar nan tawa ce. In na ga dama in ba shi ranar da na ji tafiyata ta matso, in na ga dama in tafi da ita kamar Gwaggo. Yanzu 'yan mata da ban taɓa gani ba sun riga shi ji. Ta yi kuka, ta ce za ta cire. Ta cire ɗin, amma yana cikin jakar kowa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji ya zo, kamar yadda ya saba. Na ji tsayawar motarsa, na ji sallamarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa muka gaisa, gajiya, iyali, aiki, zafin gari, ya sake maimaita su, ya kuma sakewa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tashi ya shigo, ya zauna a bakin tabarmata. Dattijo da furfura, ya kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Inna, ashe ke ce."

Na ce, "Gwaggonka ta yi maka ƙoƙari. Ka ci gaba da yi mata addu'a."

Ya ce, "Ina yi." Ya jira in ƙara wani abu. Na san abin da yake jira, amma ya riga ya ji shi daga waya, tare da direbansa da 'yan ofishinsu. Ba ni da sauran abin ba shi. Na kalli bango, shi ma ya kalli bango. A da shirunmu cike yake, kowa ya san wurin zamansa a ciki. Na ranar nan kuwa na rasa inda zan ajiye idona.

Jikata tana nan a ɗakina, ban kore ta ba. Tana kawo mini ruwan alwala, ina amsa gaisuwarta. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya ta saki muryar Turawan a fili, tana satar kallona. Wani lokaci har ta tsayar da su ta ce, "Tsohuwa, yau wani sarki ne ya rikice." Sai in ce Allah ya kyauta, in ja carbina.

Da Alhaji ya miƙe zai tafi a ranar Juma'ar nan, ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, hannunsa a kan ƙyaure. Maganar ta zo mini har kan harshe, wadda nake sallamarsa da ita tun yana ɗan makaranta. Sai na tuna yanzu ya san abin da ke ƙarƙashinta, duk dangi sun sani, faɗinta ya zama daidai da in kira sunansa a tsakar gida. Na haɗiye ta. Ya daɗe a tsaye yana jira. Da bai ji komai ba ya fita a hankali, ya bar ƙofar a buɗe, ni kuma ban tashi na rufe ba sai da aka kira magariba.