Tsagar da Na Gani a Kan Inji

Ranar wata Asabar ce cikin damina, ina aji biyar na firamare, aka sauke kawunan inji guda biyu a zauren gidanmu da ke unguwar Hashimi. An yi ruwa da safe, ƙasa ta jiƙe, sai Baba ya shimfiɗa tsohon buhun siminti aka ɗora su a kai. Ina tsakar gida ina wanke safar makaranta, ina jiyo muryoyin maza da dariyarsu, sai na ji ya ƙwala mini kira: "Ummi, kawo tsumma."

Baba makanike ne, amma kan inji kawai yake gyarawa, wato murfin nan mai nauyi da ke ɗauke da bawul-bawul, ƙananan ƙofofin da ke buɗewa mai da iska su shiga, hayaƙi ya fita. Samarin Abuja masu wasan mota har gida suke biyo shi. Nakan zauna in kalli yadda yake niƙa bawul: ya shafa masa wani baƙin mai mai gari-gari, ya kama shi da sanda mai roba a baki, ya dinga murzawa tsakanin tafukansa kamar yadda Umma ke burga miyar kuka. Idan ya gama sai ya zuba kananzir, a jira a ga ko zai yi yoyo. Yakan ce, "Inji ma numfashi yake yi, ƙarfinsa a nan yake."

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Kusan shekara guda ni ce nake duba masa kananzir ɗin. Ni ba mai magana ba ce. Ko a makaranta idan ƙawayena na carafke a gindin dalbejiya, kallo kawai nake yi. Amma idona ba ya wuce ƙaramin abu, kuma Baba ya san haka. Idan da baƙi, sai ya ce in goge masa ƙarfe, ni kuma in duba.

Mai motar da za a ɗaura wa kan injin a ranar wani saurayi ne da ake kira Nasiru, ya zo da abokansa biyu da dillalin kayan Beljiyam, wato kayan mota na hannu. Kai ɗaya mai bawul goma sha biyu ne, tsoho amma lafiyayye. Ɗayan mai ashirin da huɗu ne, sai ƙyalli yake yi, kuma shi Nasiru yake so, don motar ta ƙara gudu. Baba ya shafa shi da yatsa, ya ce in goge. Ina gogewa na gan ta: tsaga siririya kamar gashi, tsakanin mazaunin bawul biyu. Na ɗago kai zan yi magana, sai ɗaya daga cikin abokan ya ce wa Baba, "Oga Sale, yanzu yarinya ce injiniyar? Ko ido ya fara ritaya ne?" Suka kwashe da dariya. Baba ma ya yi. Ya ce, "Ya yi fes, Ummi?" Na san idan na nuna tsagar, kowa zai gane bai gan ta ba. Na ce, "Ya yi, Baba."

Na yi niyyar gaya masa da sun tafi, amma ya riga ya ba su kalmarsa, ni kuma bakina ya yi nauyi. Na ce a raina kananzir zai nuna. Bayan kwana uku ya gama niƙa, ya zuba, na durƙusa ina kallo har gwiwata ta yi tsami. Ko ɗigo bai fita ba. A lokacin ban san irin wannan tsaga sai inji ya yi zafi take buɗewa ba.

Ba a yi wata guda ba motar ta tsaya wajen Dutsen Zuma tana farin hayaƙi, ruwa ya gauraya da mai. Nasiru ya dawo da kan injin, ya jefar a ƙofar gidanmu a gaban maƙwabta, ya ce, "Makaho ma zai ga wannan." Baba ya tsuguna, ya bi wurin da farce. Bayan sun tafi ya tambaye ni, "Kin gan ta ranar?" Na ce na gani. Ya ce, "To." Daga nan bai ƙara neman in duba masa komai ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. An yi wa Baba aikin ido ɗaya, yana gani daidai gwargwado, amma masu wasan mota sun koma wani gareji a hanyar Tafa. Man inji yake sayarwa a kan teburi bakin titi, idan mota mai ƙarfi ta wuce yakan karkata kai ya saurara har ƙararta ta ɓace. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Har yau ban sani ba ko rufa masa asiri na yi a ranar, ko tonawa.