Wayar da Na Yanke a Amfilifayar Malam

Edita, a shekarun da nake ba da labari ni saurayi ne mai gyaran rediyo da kaset a wani ɗan shago kusa da PZ, Sabon Gari. Hannuna na da sauri, bakina ya fi shi. Ana ce mini injiniya, ni kuma kaina ya kumbura, ba na jin akwai na'urar da za ta gagare ni.

Wata Alhamis malamina na firamare ya zo daga Samaru rataye da jitarsa ta lantarki. Dattijo ne mai haƙuri, shi ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Ya ce da zarar an haɗa jitar da amfilifaya da babbar na'urar coci sai ta kama kuka zuuu kamar ƙudan zuma, ga shi ranar Asabar ana ɗaura auren 'yarsa, yana so ya kaɗa mata da hannunsa. Na san maganin sarai. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, mai ɗauko sauti, shi ke kwaso hayaniyar wuta. Sai a buɗe cikin jitar a shimfiɗe ramin da takardar alminiyom, a ƙara wani naɗin waya da aka naɗa a juye don ya kashe kukan. Aikin kwana biyu ne, ni kuwa ƙyuya ta hana ni. Na bi shi Samaru, na buɗe filogin amfilifayar, na sa filaya na datse waya ta uku, wadda ke sauke wuta ƙasa in ta ɓalle, kamar yadda na ga wasu na yi. Kukan ya ragu nan take. Malam ya yi ta sa mini albarka, ni ko na karɓa ba kunya.

Ranar bikin da hantsi aka ɗauke wuta, aka tada janareta. Malam na riƙe da tsirkiyoyi, ya kai bakinsa makirufo zai fara waƙa, wuta ta fizge shi ta yar. Allah ya sa wani ya yi saurin zare filogi. Ya rayu, amma yatsunsa biyu na hagu sun ƙone, likita ya ce bai da tabbas ko za su sake lanƙwasuwa. Kowa ya ɗora wa janareta laifi, ba wanda ya tuna da ni.

Sati uku ina ɗauke da abin, abinci ba ya shiga. Ƙarshe na hau motar Samaru na same shi a tsakar gida, hannu a naɗe, matarsa na tankaɗe. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da cewa na san gyaran gaskiya na ƙi yi. Ina jiran ya kore ni. Sai ya sa matarsa ta ɗauko jitar, ya ajiye a gabana.

“Ɗana, ka cuce ni, ba zan ɓoye maka ba,” in ji shi. “Amma ɗauki ka je ka yi aikin da ka bari. Ka gyara ta kamar zan kaɗa.”

Na yi kwana huɗu a kanta. Na mayar da wayar da na datse a filogin amfilifayar, na shimfiɗe cikin jitar, na naɗa wayar tagulla siririya kamar gashi, na liƙe da dalma. Da na gwada, tsit, sai sautin tsirkiya kawai. Shi kuma Malam ya dage da motsa yatsunsa cikin ruwan ɗumi safe da yamma. Bayan wata goma ya aiko in zo. 'Yarsa ta haihu, ranar suna ne. Ya kaɗa mata waƙar da bai samu yi ba ranar aurenta, yatsa ɗaya har yanzu a miƙe, yana tsallake shi da sauran. Na fita waje na yi kuka na ƙoshi.

'Yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah. Na koyi cewa kukan na'ura ana bin sa ne har tushensa. Duk wanda ya kawo muku jita tana kuka, ku buɗe ta ku yi aikin, ko kwana nawa zai ci. Kada ku taɓa wayar nan ta uku, domin wanda zai riƙe tsirkiyar ya yarda da ku ne ya ɗora hannunsa a kai.